Masu Haɗa Magani: Tafiyar Ƙwaya Daga Buhu Zuwa Jini

Ƙwayar amlodifin da dattawanmu masu hawan jini ke haɗiya kowace safiya, ainihin maganin da ke cikinta bai wuce miligiram 5 ko 10 ba, abin da in aka zuba shi a tafin hannu da ƙyar ido zai tsaya a kansa. Sauran jikin ƙwayar duk ciko ne: garin da ke ba ta jiki, da wanda ke ɗaure ta, da wanda ke fasa ta in ta isa ciki, da wanda ke hana ta manne wa injin da ya buga ta. Akwai wanda ya zauna ya auna kowanne daga cikinsu, ya gwada, ya sake awo, har ya tabbatar ƙwayar za ta jure jijjigar mota daga Legas zuwa Kaduna ba ta farfashe ba, amma kuma in ta haɗu da ruwan ciki ba za ta yi gardamar narkewa ba. Wannan mutum shi ne mai haɗa magani, kuma sana'arsa tana cikin sana'o'in da kowa ke cin moriyarsu amma kaɗan ne suka san yadda ake yin su.

Mutumin Kaduna ya fi sanin bakin kanta. Daga titin Ahmadu Bello zuwa Kawo, daga Unguwar Rimi da Malali zuwa Unguwar Sarki da Badarawa, ba ka tafiya mai nisa ba ka ga allon famasi ko na kemis ba. A idon mai saye duk ɗaya ne, amma a wajen hukumar PCN, wadda dokar 2022 ta ɗora wa kula da wannan fanni, hawa uku ne. Akwai mai digiri, wanda shi kaɗai doka ta yarda ya riƙe famasi ya ba da maganin da sai da takardar likita. Akwai mataimakinsa, wanda ya yi karatu a makarantun kimiyyar lafiya irin ta Shehu Idris da ke Maƙarfi. Sai mai kemis, wanda lasisinsa ya tsaya ga jerin magungunan yau da kullum da aka amince masa, a cikin kwalinsu na asali.

Karatun ya daɗe a ƙasar nan. Tun 1930 aka buɗe makarantar koyon haɗa magani a Zariya don samar wa asibitocin Arewa ma'aikata, daga baya karatun ya kai matakin digiri a Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta yaye da yawa daga cikin manyan wannan sana'a da ke aiki a Kaduna yau. Jami'ar Jihar Kaduna, da aka kafa a 2004, ita ma tana da tsangayar kimiyyar harhaɗa magunguna, ga kuma asibitin koyarwarta na Barau Dikko a tsakiyar gari. Shekara biyar ake yi a tsohon tsari. Sabon tsarin da hukumar jami'o'i ta amince da shi a 2016 shekara shida ne. Bayan nan sai shekara guda ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin wani gwani, sai jarrabawar rajista, sai bautar ƙasa. Yaron da ya shiga yana ɗan sha takwas, gemu ya riga ya fito masa kafin a ba shi lasisi.

Aikin kansa daga buhu da durom yake farawa. Ainihin sinadarin magani, kusan dukkansa daga Indiya da Sin ake shigo mana da shi, ya sauka a tashar jirgin ruwa ta Legas, ya wuce masana'antun da galibinsu ke Legas da Ogun, irin su Emzor da Fidson da May & Baker da Swipha. Kafin a taɓa buhu, sai an killace shi an ɗebi samfuri an kai ɗakin gwaji, domin takardar da ta rako kaya ba ta isa shaida ba. Wanda ke ganin wannan ɓata lokaci ne, ya tuna 2008 zuwa 2009, lokacin da maganin haƙorin yara mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a Najeriya. Ruwan da aka narkar da maganin a ciki ne ya gurɓata da wani sinadari mai lalata ƙoda. Irin wannan guba ce ta kashe yara 109 a Jos da Ibadan a 1990 ta cikin ruwan farasitamol, ita ce kuma aka samu a magungunan tarin da aka danganta da mutuwar yara kusan 70 a Gambiya a 2022. A duk waɗannan, gwajin durom kafin a zuba shi da ya tsare rayukan.

In kaya sun ci jarrabawa sai awo. Mutum biyu ke tsayawa a kan sikeli, ɗaya ya auna, ɗaya ya duba ya sa hannu. Sai a tankaɗe garin, a gauraya shi da sitaci da sauran ciko har ya zama duk inda aka ɗiba adadin magani ɗaya ne. Garin farasitamol shi kaɗai ba ya matsuwa. In ka danna shi sai ya rabe ya zube. Don haka ake yayyafa masa ruwan ɗauri, sau da yawa kokon sitaci, a cuɗa, a murza shi ta rariya ya fito tsaki-tsaki, kamar yadda uwargida ke murza garin dambu kafin ta turara. Daga nan a busar da shi da iska mai ɗumi. Nan gwaninta take. In ya bushe ƙarau, ƙwaya za ta riƙa ɓarewa ta sama. In da sauran danshi, za ta manne wa bakin inji, kuma kwananta a kanta zai ragu. Bayan an sake tankaɗewa sai a barbaɗa ɗan sinadarin santsi, a juya na 'yan mintoci kawai. Wanda ya zarce da juyawa ya lulluɓe kowane tsaki da abin da ruwa ba ya ratsawa, sai a sami ƙwaya kyakkyawa mai sheƙi wadda ke jinkirin narkewa a ciki.

Injin bugawa faifai ne mai juyawa, da ramuka a jere, da turame na ƙarfe sama da ƙasa. Tsaki ya cika rami, ƙarafa biyu su haɗu su matse shi, na ƙasa ya turo ƙwaya waje. Manyan injuna suna fitar da dubbai a minti guda, shi ya sa ma'aikacin da ke tsaye a kai ba ya gyangyaɗi: lokaci-lokaci yana ɗiban ƙwayoyi yana duba nauyi da kauri da tauri, domin kuskuren minti goma katan-katan ne za a zubar. Wasu ƙwayoyin daga nan sai a yi musu riga, ko don ɓoye ɗaci, ko don kare su daga danshi, ko don kada su narke sai sun wuce tumbi.

Sai ɗakin gwaji, wanda a ganina shi ne zuciyar sana'ar. Ana auna ƙwaya 20 ɗaya bayan ɗaya a ga ko nauyinsu ya yi kusa da juna. Ana zuba wasu a wani ganga ya juya sau 100, a sake aunawa. In abin da ya goge ya wuce kashi 1 cikin 100, ba su ci ba. Ana tsoma shida a ruwa mai ɗumin jikin mutum, digiri 37, a ga ko za su wargaje cikin minti 15 in marasa riga ne. Gwaji mafi muhimmanci shi ne na narkewa: tulun gilashi mai cin mililita 900, da 'yar muciya ta ƙarfe tana juyawa sau 50 a minti, ana zuƙar ruwan lokaci-lokaci ana auna yawan maganin da ya fito. Ana son farasitamol ya saki kashi 80 cikin 100 a minti 30. Wasu kwalaye kuma a ajiye su wata da watanni a ɗaki mai zafin digiri 30 da danshi kashi 75 cikin 100, wato yanayin ƙasa irin tamu, kuma daga nan ake samun ranar lalacewar da muke karantawa a gefen kati.

Me ya sa ake wannan wahala a kan narkewa? Saboda haɗiye magani daban, isarsa jini daban. Ƙwaya sai ta fashe, ta narke, ta tsallake tsamin tumbi, ta isa ƙaramin hanji inda ake tsotse yawancin magunguna, ta ratsa bangonsa, sannan jijiya ta kai ta hanta, ita kuma hanta ta karɓi nata kason kafin ta saki saura ya zaga jiki. Akwai maganin da kusan dukkansa ke tsira daga wannan tafiya, akwai wanda ɗan kaɗan ke kai labari, akwai kuma wanda ba ya kaiwa sam. Insulin na masu ciwon suga yana cikin na ƙarshe: ciki narkar da shi yake yi tamkar abinci, shi ya sa har yau allura ake yi. A 1995 wani masani ɗan Amurka, Gordon Amidon, da abokan aikinsa suka kasa magungunan sha gida huɗu bisa tambaya biyu: yana narkewa da sauƙi? Yana ratsa hanji da sauƙi? Wannan rabo shi ne ke nuna wa mai haɗawa inda zai sa ƙarfinsa, ko ya niƙa garin ya yi laushi sosai, ko ya haɗa shi da mai, ko ya bar shi yadda yake.

Abin da ya faru a Ostareliya a 1968 ya isa ya nuna cewa ciko ba abin rainawa ba ne. Masu farfaɗiya da suka daɗe suna shan kafson fenitoyin lafiya lau sai aka ga suna tangaɗi, ganinsu na rabuwa biyu, alamun magani ya yi musu yawa, alhali ba wanda ya ƙara musu ko ƙwaya ɗaya. Da aka bincika, sai aka gano kamfanin ya canza garin ciko ne kawai, daga wani gishirin kalsiyam zuwa sukarin madara. Tsohon cikon yana riƙe wani kaso na maganin ya hana shi shiga jini. Sabon ya sake shi duka. Adadin da ke rubuce a kwali bai canza ba, amma abin da ya isa jini ya ƙaru. Ga ƙasa irin tamu, inda magani ɗaya kan zo da sunayen kamfanoni barkatai kuma mai saye kan ɗauki wanda aljihunsa ya iya, tambayar ko wannan da wancan suna isa jini daidai wa daida tambaya ce ta rai da mutuwa, musamman ga masu farfaɗiya da ciwon zuciya.

Wannan ilimi ba na cikin masana'anta kaɗai ba ne. Ka tsaya kusa da tagar gwani a famasi ka saurara. Uwa ta zo da takardar maganin zazzaɓin cizon sauro, irin su Coartem. Ba zai miƙa mata ya ce safe da yamma ya yi shiru ba. Zai ce: "Hajiya, in kin ba shi na farko yanzu, na biyu sai bayan awa takwas, sannan safe da dare kwana biyu. Ki haɗa masa da madara ko kunun gyaɗa. Ko ya warware gobe, ki ƙarasa masa duka shidan." Dalili shi ne ɗaya daga cikin magunguna biyun da ke cikin ƙwayar, lumefantirin, ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo, ga shi kuma mai zazzaɓi ba ya son abinci. Yaro ya sha a kan yunwa, zazzaɓi ya lafa ya dawo bayan mako biyu, sai a ce maganin jabu ne, alhali shan ne bai yi daidai ba.

Na bayanta kuma akasin haka za a gaya masa. Wanda aka rubuta wa Cipro, ko kafson nan na tetirasaikilin mai ja da ruwan ɗorawa, sai a ce: "Malam, kada ka kora shi da fura da nono, kada ka haɗa shi da farin ruwan maganin ƙwannafi ko maganin ƙarin jini. Ka ba da tazarar awa biyu aƙalla." Kalsiyam da ƙarfe suna kama waɗannan magunguna tun a hanji su hana su wucewa. Mai juna biyu da aka ba ƙwayar ƙarin jini a ja mata kunne kan shayi. Jikan da ke daka wa kakarsa ƙwayar hawan jini a cokali don ta kasa haɗiya, a tambaye shi wace iri ce, domin akwai wadda aka gina ta ta riƙa sakin magani sannu a hankali tsawon yini, in aka daka ta sai na yini guda ya afka jini lokaci ɗaya. Kafson omefirazol na masu gyambon ciki, 'yan ƙwayoyin da ke cikinsa kowanne da rigarsa, ba a tauna su. In azumi ya zo aikin ya ƙaru: wane magani ne za a iya mayarwa sahur da buɗa-baki, wane ne mai sau uku da sai likita ya sauya shi, wane mai ciwon suga ne ya kamata a ce masa, "Baba, koma wurin likitanka kafin ka ɗauki azumin nan." Hatta ƙwayoyin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 da damina, da gangan aka yi su masu narkewa a ɗan ruwa, masu ɗan zaƙi, saboda wani ya yi tunanin bakin yaro tun a wurin haɗawa.

Daga masana'anta kaya kan bi ta hannun manyan diloli. Asibitocin gwamnatin jiha suna karɓa ta hukumar KADHSMA. Masu shaguna kuma daga wakilan kamfanoni ko diloli, wasu har Kano, inda a 2024 aka tashi 'yan magani daga Sabon Gari zuwa sabuwar kasuwar Dangwauro da ke kan hanyar Zariya. A kowane zango zafi yana jiran kaya. Kwali ya ce a ajiye ƙasa da digiri 30, bazarar Kaduna kuwa a Maris da Afrilu ta fi haka nesa ba kusa ba, balle cikin shagon kwano ko bayan mota a tasha. Maganin da ake tallarsa a faranti a rana, ko na gaskiya ne ranar da ya bar masana'anta, ba wanda zai iya rantsuwa a kansa yau.

Mai famasi na gaskiya, kashe kuɗinsa ba ya ƙarewa: hayar shago a bakin titi, sabunta lasisi duk shekara, albashin yara, na'urar sanyaya ɗaki, firjin da dole ya zauna tsakanin digiri 2 da 8 ko da wuta ko babu, man janareta ko kuɗin sola. Ribar kati ɗaya 'yar kaɗan ce, sai an tara da yawan ciniki. Abin da ya kwana ya wuce ranarsa asara ce tsagwaronta, ba a karya farashinsa a sayar, sai dai a ware shi a miƙa a lalata. Ga bashin 'yan uwa da maƙwabta, wanda a wannan sana'a ya fi wuyar hanawa, domin mai roƙon da ɗa marar lafiya a kafaɗa yake zuwa. Da aka saki Naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma tun da kusan kashi 70 cikin 100 na magungunanmu daga waje suke zuwa, na gida ma da sinadarin waje ake yin su, farashi ya yi tashin gwauron zabi. A Agustan 2023 kamfanin GSK ya sanar da rufe harkarsa ta kai-tsaye a Najeriya, masu asma suka ji a jikinsu. Mai shago ya sayar yau, gobe kuɗin bai isa ya mayar da kayan ba. A Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a umarnin cire haraji kan kayan haɗa magani da injuna, kuma wannan mataki ne mai kyau, sai dai sauƙinsa kan daɗe kafin ya iso bakin kanta.

Mai haɗa magani na asibiti kuwa yana da albashi tabbatacce amma ga layi har ƙofa, ga kwanan aiki. Matasan da suka gama karatu kan yi watanni suna neman gurbin sanin makamar aiki, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka goge sun kama hanyar Ingila da Kanada da Saudiyya. Ban ga laifin mai neman halalinsa ba, amma kowane ɗaya da ya tafi, da taga guda ya tafi da ita wadda da za a tsaya a yi wa uwa bayanin kunun gyaɗa.

Akwai abin alfahari ma. Dora Akunyili, wadda ta riƙe hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC daga 2001 zuwa 2008 ta yaƙi jabun magani har aka harbi motarta, 'yar wannan sana'a ce. Farfesa Mojisola Adeyeye, da ta karɓi hukumar a 2017, fanninta ke nan na haɗa ƙwaya, kuma a zamaninta ne, a 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga NAFDAC zuwa mataki na uku na ƙwarewa. A Zariya malamai da ɗalibai sun daɗe suna gwada sitacin dawa da gero da rogo a matsayin ciko, ga ƙaron da ake tsinka a Yobe da Borno da Jigawa wanda tun asali abin ɗaure ƙwaya ne. Abin takaici, Kaduna, jihar da ke kan gaba wajen noman masara, ba ta da labarin sitacin magani. Binciken yana ƙarewa a kundin digiri, masana'antu kuma suna ci gaba da sayen na waje da dala.

Inda na fi ganin giɓi shi ne wurin koyarwa. Wannan ilimi da hannu ake koyon sa. Ɗalibin da bai taɓa jin danshin tsaki a yatsunsa ba, bai taɓa ganin ƙwayarsa ta faɗi gwajin narkewa ya koma ya nemo dalili ba, haddar littafi kawai ya yi. Injin gwaji guda mai aiki, da wutar da ba ta ɗaukewa a tsakiyar awo, da ma'aikacin da ya iya gyaransa, sun fi sabon gini amfani ga tsangaya. Sannan ilimin ya sauko ƙasa. Yawancin mutanen Rigasa da Hayin Banki da Unguwar Dosa, kemis suke fara zuwa kafin asibiti, kuma har yanzu ana jin "haɗa mini na ciwon jiki," a ɓare ƙwayoyi kala-kala a ƙulle a leda ba suna ba kwali. Kamen hukuma shi kaɗai bai hana wannan ba. Mai kemis ɗin nan maƙwabci ne da ake yarda da shi, kuma da yawansu suna son su sani.

Don haka ina kira ga tsangayar Jami'ar Jihar Kaduna, da reshen jiha na ƙungiyar masu haɗa magunguna ta PSN, da ƙungiyar masu kemis ta NAPPMED, su haɗa kai su shirya bita a kai a kai da harshen Hausa, unguwa-unguwa, a kan abubuwan da ake fama da su kullum: wane magani ake sha da abinci, wane ba a haɗawa da nono, wane ba a dakawa, yadda ake ajiya da bazara, da lokacin da ya wajaba a ce wa mai saye ya wuce asibiti. Gwamnatin jiha da masu hannu da shuni na garin nan kuma su saya wa ɗakunan gwajin ɗalibai injuna, su ɗauki nauyin gyaransu. Kai kuma mai karatu, in ka karɓi magani, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, sannan kada ka bar bakin tagar sai ka tambaya: da me zan sha shi, da me ba zan haɗa shi ba, kuma kwana nawa zan yi ina sha.